Tsuntsun da ke ƙarƙashin tsatsa

Bazarar da ta zo shekara uku bayan farin tamanin da huɗu, ran kasuwar Tama da hantsi, ina durƙushe a maƙerar kakana ina jan zuga-zugi, sai ga wani mutum ya sauko daga jaki, zufa ta jiƙa masa riga sharkaf. Ya yi sallama, ya sha ruwa, sannan ya kwance wani tsumma daga ƙugunsa ya ajiye gaban Baba Illa. Da na leƙa, na ɗauka busasshen rogo ne aka tono da jar ƙasarsa. Mutumin ya ce daga wajen Keita ya fito, inda mata ke haƙa ramuka a jikin tsauni suna jera duwatsu don tare ruwan sama. Matarsa ce digarta ta ci karo da abin a bakin wani kwazazzabo, kusa da ƙasusuwan mutum da ƙarfen linzami, aka kuma gaya masa a Tama akwai tsohon maƙeri mai tara irin waɗannan. Baba Illa ya ajiye masaba. Ban taɓa ganin ya bar jan ƙarfe ya huce a kan uwar maƙera ba sai ran nan. Ya ɗauki abin da hannu biyu kamar mai karɓar jinjiri. "Amarya, bar wutar nan," ya ce da ni, don haka yake kirana, irin wasan kaka da jika. "Taho ki ara mani idonki."

Libarba ce, ƙaramar bindigar hannu mai ganga a tsakiya, wadda ke juyawa tana kawo harsashi ɗaya bayan ɗaya. Baba Illa, mahaifin babana, da hauya da lauje da sungumi yake cin abinci, amma a kusurwar maƙera, bayan buhunan gawayi, yana da wata tsohuwar adaka cike da irin waɗannan bindigogi, kowace naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Duk matattu ne. Wata ba ta da kunama, wata gangarta ta daskare, wata gara ta cinye mata ƙota. Ko mai sauran rai ce ta shigo hannunsa, a ranar zai narka darma ya ɗura mata a baki, ya ce shi ba ya zama gida ɗaya da abin da ke kashe mutum. Wajen tsofaffin sojan Faransa yake samo su, da matan dogarawan kumandan da mazansu suka rasu, tun daga Madawa har Buza. Ya ba da hauya ko gatari, a ba shi abin da ke ruɓewa a ƙarƙashin gado. Mutanen gari suna ganin taɓuwa ce irin ta tsufa. Jandarmomi sun taɓa zuwa, suka zazzage adakar a ƙasa, suka ga darma a kowane baki, babbansu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sayi lauje ya tafi abinsa.

Shi kuwa abin da ya dame shi a jikinsu shekaru ne. Da yawa daga cikin waɗanda suka shigo wajenmu a hannun Turawan farko daga gida ɗaya suka fito, wani gidan maƙera can ƙasar Turai, kuma wani tsohon soja a Madawa da ya yi aiki a ɗakin makamai ya bayyana masa yadda gidan ya yi ta sauya hannu. Yakan shimfiɗa buzu ya jera su daga dama zuwa hagu, yadda ake lissafa zuriya. Na farko na zamanin mai gidan ne, sunansa kaɗai a gadon bayan bindigar, an sassaƙa da hannu, babu harafin da ya yi daidai da ɗan'uwansa. Da ya mutu ya bar yaro ƙarami, matarsa ta riƙe maƙerar, ita ce ta sa ake buga wani ɗan tsuntsu da bai kai ƙwayar wake ba a gefen hagu, ƙarƙashin ganga. Ba ta daɗe tana riƙo ba, saboda haka masu tsuntsu kaɗan ne, shi kansa guda ɗaya tak ya mallaka. Da yaron ya girma ya cire tsuntsun uwarsa ya sa tauraro. Daga baya aka sayar wa kamfani, sai lamba cikin zobe, ƙarfen kuma ya koma na banza. In ya kai kan waɗannan sai ya taɓe baki ya ce, "Nan gidan ya mutu, suna kaɗai anka bari." Tun ina aji biyu a lakwal, makarantar boko, na zama mai karanta masa rubutun, shi kuma ya koya mani nauyinsu a hannu da ƙarar ganga in ta juya. Ƙannen babana ba wanda ya kula da adakar, ni ce ƴar mace na maƙale, har uwata ta gaji da faɗan baƙin gawayi a zanena.

Duk wannan wahala saboda mutum ɗaya ce, Nomau, mahaifin Baba Illa, wanda ko fuskarsa bai riƙe ba. Nomau mai kula da dokin wani kumandan ne, Baturen mulki. Wata shekara da ƙasa ta rikice, kumandan ya aike shi Tawa da saƙo, ya ba shi doki da libarba ya tsare kansa. Bai isa ba, bai kuma dawo ba. Turawa suka ce ya gudu da doki da bindiga, suka zo suka kwashe rumbun gidan ƙaf, suka bar matarsa da yaro ɗan yaye. Tun daga nan sunan ya manne mana. A filin lakwal, ana cikin ƴar gala-gala ko carafke, in na cinye yarinya, abin da za ta rama da shi ke nan: "jinin ɓarawon doki". A bakin rijiya ma, in na riga wata jefa guga, sai na ji an yi haniniya a bayana, a fashe da dariya. Ni kuwa ba a haife ni da haƙuri ba. Na taɓa fasa allona na lakwal a kan wata Sahiya, mushe, malamin ajinmu, ya sa ni durƙuso a rana har aka tashi, gida kuma aka ƙara mani, amma wallahi ban ji na yi asara ba.

Abu ɗaya uwar Baba Illa ta bar masa. Ta ce ran da Nomau zai tafi, ya ja ta bayan ɗaki ya nuna mata bindigar, ya kama yatsanta ya ɗora a kan wani ɗan tsuntsu, ya ce da ita cikin wasa ga kurciya nan za ta raka shi. Har ta koma ga Allah tana rantsuwa mijinta ba ɓarawo ba ne, hanya ce ta ci shi. To ga dunƙulen tsatsa an tono a kan tsohuwar hanyar Tawa, kusa da ƙashi da linzami. In tsuntsu ya fito a jikinta, Baba Illa ya sami kabarin ubansa, zai tara liman da mai gari su je su gani da idonsu, mu kuma mu huta da haniniya. In tauraro ne ko zobe, wani bawan Allah ne na baya, sai a yi masa addu'a a koma jira. Shi kuma ya haura saba'in, jiran ya kusa ƙare masa.

Ya samo ƴar tukunyar ƙasa, ya cika ta da man gyaɗa da kananzir, ya nutsa bindigar ciki ya rufe da faifai. Kullum in na taso daga lakwal, na gama surfe, na kai wa awaki harawa, sai in zarce maƙera. Ya tsamo ta, ya goge da auduga a hankali, ya miƙo mani ƙayar aduwa. Da tsinin ƙayar nake ɗaga ɓawon ƙasa, ɗan mitsitsi, a wuri guda ƙarƙashin ganga, shi yana riƙe da ita yana karkata ta wajen haske, don idonsa ya fara hazo. Magagari na rataye a jikin dirka, da shi a minti kaɗan za a ga farin ƙarfe, na kuwa faɗa masa haka ya fi a ƙirga. Sai ya girgiza kai. Ya ce ƙarfen da ke ƙasa ya riga ya ciwu, in akwai tsuntsu to a jikin tsatsar yake kwance, in ta tafi ya tafi. "Kada ki yi wa tsatsa gaggawa, Amarya, ita ta riƙe mana shi duk shekarun nan." Haka muka cinye bazara. Ƙawayena suna fadama suna tsintar ragowar albasa suna jifar mangwaro, ni ina zaune da ƙaya a hannu, wuyana ya ƙage, ina tsaki ina yi.

Bayan ruwan shuka, wata ranar Juma'a, ƙayar ta ɗaga wani ɗan ɓawo, na ga layi siriri ya lanƙwasa. Na ɗauko ɗaya mai tsuntsun daga adaka na kara su, wallahi ya yi kama da bakin fiffike. Amma zoben kamfani ma lanƙwasa yake yi, a kusan wurin nan. Baba Illa ya ga numfashina ya sauya, ya ce, "Mi kinka gani?" Na ce kamar fiffike. Ya ce, "Kamar ba ta isa in tara mutane ba. Kada ki ba ni abin da idonki bai ba ki ba." Ya mayar da ita cikin mai, ya ce a bar ta ta ƙara sha, ɓawon da ke kusa ya yi tauri, in aka matsa zai tashi da komai.

A cikin kwanakin nan ne saƙon Baffa Amadu ya iso daga Abijan, inda ya daɗe yana fatauci, cewa ya biya wa ubansa kujerar Makka. Gida ya kaure da guɗa. Baba Illa ya yi murna, amma na ga yana waiwayen tukunyar. Ran da zai hau mota zuwa Madawa ya ɗora dutse a kan faifan, ya ce da ni kafin ya dawo ta jiƙu, sai mu ƙarasa. Ni kaɗai ya gaya wa. Ƴaƴansa maza sun daɗe da gajiya da zancen Nomau, matarsa kuwa, Kaka Hajo, su biyun irin tsofaffin nan ne da ba sa zama su buɗe wa juna ciki, ko sunansa ba ta faɗa, "shi wannan" take cewa. Ta san akwai bindigogi, ta san yana ƙaunarsu, iyakarta ke nan. Bai yi mako da tafiya ba gwaggona da ke aure a Deule ta haihu, aka ɗora ni a amalanke in je in taya ta zaman jego, tun da ana bakans, hutun lakwal. Can na yi ta jan ruwan wanka da faskaren itace da dama kunun kanwa, ina lissafin dawowa.

Kaka Hajo mace ce da ba ta iya ganin ƙarfe ya dushe. Kwanukan jerenta, tun na aurenta, in ka shiga ɗakin sai ka ga fuskarka a jikinsu. A wurinta, da duk matan garinmu, tsatsa a kayan mutum zagi ne ga matarsa. Kuma in alhaji zai dawo, ba a barin komai yadda ya bar shi. Aka yaɓe katanga, aka yi sabon daɓe, aka shafe ɗakinsa da farar ƙasa, aka wanke buta da shantali da fitila da toka da rairayi. Da ta gama da cikin gida sai ta shiga maƙera da tsintsiya, ta ja buhunan gawayi, ta buɗe adakar, ta ɗaga faifan tukunyar. Daga baya uwata ta ba ni labari, ta ce tsohuwa salati ta saka, ta ce ashe haka bawan Allah ke fama da ƙazanta shi kaɗai, da mata da ƴaƴa cike da gida. Ta zauna gindin bedi da turmin toka da tsamiya da dutsin goge kaushi, yini bayan yini, har yatsunta suka tsage. Ta tukunyar ce ta fi ba ta wuya, don haka ita ta fi shan dutse, inda dutse ya kasa kuma ta sauko da magagari.

Ranar da ya dawo na iso daga Deule da safe, na tarar gari ya fita tarye. Ba zan manta shi cikin farar jallabiya ba, ya rame, yana ta murmushi, yara na rububin taɓa hannunsa. Aka sha zamzam a ƴan kofuna, aka raba dabino, ni ya ba ni zobe da ɗan madubin nan da ake leƙa hoton Ka'aba. Sai bayan la'asar, da mutane suka ragu, Kaka Hajo ta fito daga ɗaki da babban faifai lulluɓe da sabon mayafi, tana tafe tana sunne kai kamar yarinya. Ta durƙusa ta ajiye gabansa, ta yaye. Ga su nan jere, suna ƙyalli har suna kashe ido. A tsakiya ga ta Keita, fara fat, jikinta duk ƴan ramuka kamar fuskar mai zanzana. Baba Illa ya daɗe yana kallo. Ya ɗauke ta, ya shafa babban yatsansa ƙarƙashin ganga, ya sake shafawa, sannan ya miƙo mani ba tare da ya dube ni ba. Na juya ta wajen rana, na kara ta da ido har hawaye ya zo. Wurin sumul yake, sai sawun magagari. "Akwai shi?" ya tambaya a hankali. Na tuna abin da ya hana ni, na ce, "Babu komi, Baba."

Na buɗe baki zan juya kan tsohuwa, don maganar ta riga ta taho mani har wuya, sai ya damƙe mani hannu, damƙa irin ta maƙeri. Ya dubi yatsunta da suka tsattsage, ya dubi fuskarta tana jiran yabo. Ya ce, "Sannu da aiki, Hajo. Tun da nike ba su taɓa yin kyau haka ba." Ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta tashi ta koma madafa. Shi kuma ya tattara su a faifan ya kai maƙera da kansa. Na bi shi ina kuka ina cewa fiffike ne, na rantse fiffike ne na gani. Ya ce, "Ran nan kamar kinka ce." Ya kuma ce in na bari Kaka Hajo ta ji wannan magana, bai yafe mani ba.

Bayan an yanke hatsi ya ɗauke ni muka tafi Keita, mu biyu, babu liman babu mai gari. Mutumin nan mai jaki ya kai mu bakin kwazazzabon, inda matan suka tattara ƙasusuwan suka rufe da duwatsu. Tsaunin ja ne, an zane shi da layukan ramuka, ƴan itatuwan da aka dasa sun fara kore. Baba Illa ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo. Na kasa kunne in ji ya ambaci Nomau, amma "wanga bawa naka" ya yi ta cewa har ya shafa. Da muka dawo bai sake shimfiɗa buzu ya jera bindigogi ba, in wani ya kawo sabuwa sai ya ce a kai gaba. Ya ci gaba da ƙera lauje har idon ya rufe gaba ɗaya, ya rasu ina kwaleji a Madawa. Kaka Hajo ta daɗe bayansa. Duk ran da aka yi zancensa sai ta kawo labarin faifan nan, ta ce a zamansu duka ran nan ne kaɗai ya yabe ta gaban mutane, ya kuma kira sunanta. Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce haka ne, Kaka.

Yanzu na kai shekarun da ake kirana kaka ni ma. Maƙerar ta zama shagon cajin waya. Adakar kuwa, da zamani ya lalace, kalmar bindiga ta koma abin da ake faɗa da raɗa, ƙanena ya tsorata ya zuba su duka cikin tsohuwar rijiya aka cike ta, ban kuma ga laifinsa ba. Ɗana ya nuna mani a waya cewa akwai masu tara irin waɗannan a duniya, ka ɗauki hoton tambari ka aika, kafin shayi ya huce an gaya maka zamanin wa aka ƙera ta. Na ce da shi mu da ƙayar aduwa muka yi namu. Haniniyar bakin rijiya ta mutu da kanta, yaran yau ba su san wani Nomau ba, balle su zage mu da shi, ba a wanke shi ba, mantawa aka yi da shi. Wani lokaci ina wanke tukunya, in na kai inda ta fara haske, sai hannuna ya tsaya. Nakan ce da na ce masa akwai, da ya mutu da uba. Nakan kuma tuna da ya gane, don ya san muryata in ina ƙarya. Har yau ban sani ba ko fiffike na gani ko zobe.